Ɗan Akuyan Inna Hadiza

Salahuddeen yana sunkuye a kan wata waya da ya buɗe wa ciki, sai aka yi sallama a bakin shagonsa. Ya amsa bai ɗago ba. Da aka sake sallamar da ɗan ƙarfi ya ɗaga kai, sai ɗan ƙarfen da yake kwance noti da shi ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa.

Budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, ta rungumo wani ƙunshi a tsohon zani kamar mai ɗauke da jariri.

"Kai ne mai gyaran wayar da aka ce yana ta da matattun gem?"

"Ta da matattu sai Allah," in ji shi. "Ni marasa lafiya nake lallaɓawa. Bismillah, ga benci."

Shagon ɗan ƙarami ne, kusa da tashar motar Rano. Salahuddeen ɗan Rurum Sabon Gari ne, kullum da safe yake zuwa a kan babur, ya koma gida da yamma. Gyaran waya ne abincinsa, amma kowa ya san shi da son tsofaffin na'urori.

Budurwar ta ce sunanta Ikilima, daga Kibiya take, kuma malamar firamare ce. Ta kwance zanin. Tsohuwar na'urar gem ce irin wadda ake soka wa kaset a ka, farinta ya koma ruwan ƙasa. Ga hannunta mai igiya, wanda ake dannawa, ga kaset ɗaya da takardar jikinsa ta ɓare.

Salahuddeen ya buɗe na'urar, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Wannan kam ta daɗe da cikawa. Wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙone ta, ɓeraye suka ƙarasa aikin."

Fuskar Ikilima ta sauya. Ta fara tattara bakin zanin.

"Tsaya mana, ban gama ba," ya ce da sauri. "Gem ɗin ba a cikinta yake ba, yana cikin kaset. Akwai manhajar da ake sa wa sabuwar na'ura ta riƙa kwaikwayon tsohuwa. Kamar yaro ne ya naɗa rawanin kakansa yana kwaikwayon tafiyarsa. Wani lokaci abin ya yi kama, wani lokaci ya ba da dariya. Na ƙaninki ne?"

Ta waiga ta dubi bakin ƙofa, sannan ta rage murya.

"Na Innata ne."

Ta ba shi labari. Lokacin da aka kawo Inna Hadiza Kibiya tana amarya, ba ta san kowa a garin ba. Mijinta, Malam Maharazu, ya ga tana yawan tagumi, sai ya sayo mata wannan gem a Kano tare da wata 'yar talabijin mai aiki da batirin mota. A cikin kaset ɗin akwai wata 'yar halitta mai tsallake ramuka, Inna ta raɗa mata suna ɗan akuya, kuma ta ƙware a kai har mijin ya daina gwada kansa da ita.

"Bara ta yi shanyewar ɓarin jiki," in ji Ikilima. "Ƙafa ta dawo, alhamdulillahi, baki ya dawo, amma hannun dama ya ƙi. Likita ya ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ita kuwa kaji take jifa da shi. Rannan na shiga ɗaki na tarar ta ciro wannan hannun daga ƙasan akwati tana daddannawa ita kaɗai. Shi ne na ce bari in gwada."

"Allah Ya ba ta lafiya. Za mu gwada."

"Da sharaɗi. Ta ce kada kowa ya ji, musamman Baba."

"Shi da ya saya mata?"

"Mace mai jikoki tana buga gem, matan Islamiyya su ji? Shi kuma Baba, duk maganin da aka gwada bai yi ba, sai ya daina cin abinci. Ta ce kada a sa masa rai sai abu ya tabbata."

"Na karɓi amana," in ji Salahuddeen. "Sai ki ba ni lambarki, saboda aiki."

"Saboda aiki," ta maimaita, tana ɓoye murmushi a bakin hijabi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kaset ɗin irin na araha ne da aka riƙa shigowa da su a da, babu irinsa a intanet, sai da Salahuddeen ya kai shi wurin wani abokinsa a Kano mai na'urar zuƙo abin da ke cikin kaset. Ya zuba gem ɗin a wani ɗan akwati na zamani da bai fi tafin hannu ba, ya haɗa da sabon hannu marar igiya. Ikilima ta zo ta karɓa, ta jona a filasma, sabuwar talabijin ta bangon ɗakin Inna, lokacin da Malam Maharazu yake rumfarsa ta hatsi a kasuwa.

Da la'asar saƙonta ya shigo.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. Inna ta yi dariya har da hawaye da ta ga ɗan akuyanta. Amma ta ce wannan ya sha wani abu. Gudu yake kamar ya hango wuƙa ranar Sallah, kiɗan ma sauri yake."

Ya mayar mata: "Ki ce wa Inna tana da gaskiya. Gem ɗin da iri biyu aka yi su. Akwai na ƙasashen da talabijin ɗinsu ke sauya hoto sau sittin a sakan ɗaya, akwai irin wanda aka kawo mana nan, mai sau hamsin. Manhajar ba ta san Kibiya ba, ta ɗauka na can ne. Ki dawo da shi in rage masa zumuɗi. Kuma ki zo da kanki, kada ki aiko."

"Me ya sa sai ni?"

"Akwatin ba ya yarda da baƙin hannu, Malamata. Mai shagon ma haka."

Daga nan saƙonni suka daina tsayawa a kan ɗan akuya. Ya san lokacin tashinta daga makaranta, ta san ba ya cin tuwo sai da yaji. Ba a daɗe ba ya aika aka nemar masa izini, ya fara zuwa zance Kibiya bayan la'asar, su zauna a zaure, tabarmarsa daban tata daban.

Wannan izinin kuwa shi ya ƙara ɗaure aikin. Tun ranar da Inna Hadiza ta ji yaron ya zama manemin 'yarta, kunyar surukuta ta shiga tsakani. In ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta shige ɗaki ta saki labule. In ya aiko da gaisuwa, ta bakin Ikilima take amsawa.

"Da zan ga tana bugawa ko sau ɗaya ne, da na gane inda matsalar take," ya ce wata rana a zaure.

"Ka ga wa? Surukarka?" Ikilima ta riƙe haɓa. "Ko sunanka ba ta kamawa. Yaron nan na Rano take cewa."

"Ke fa, me kike cewa?"

"Ni ma yaron nan na Rano."

"Allah Ya isa tsakanina da Rano," in ji shi, suka yi dariya.

Gudun ɗan akuya ya daidaita, kiɗa ya dawo yadda Inna ta san shi, amma sai wata ta ɓullo. Duk ramin da ya zo, in ta danna, sai ya faɗa ciki. Ta gwada, ta sake gwadawa, rami na farko ma ta kasa wucewa.

Saƙon Ikilima na wannan rana babu wasa a ciki.

"Injiniyana, Inna ta ajiye. Ta ce ba laifin gem ba ne, hannunta ne ya mutu, a daina wahalar da ɗan mutane. Yau ko tsakar gida ba ta fito ba."

Salahuddeen ya daɗe yana kallon saƙon. Shi da ya gwada a shago yana tsallakewa lafiya, to amma hannunsa lafiyayye ne, kuma da gem ɗin zamani ya saba. Tun da ba shi da halin ganin hannun Inna, sai ya yanke shawarar ya aro irinsa. Ya sami tsumma ya ɗaure yatsunsa na dama, ya bar babban yatsa kaɗai, shi ma ya ɗan takure shi. Ya zauna gaban talabijin ɗin shago yana dannawa, ɗan akuya yana faɗawa rami, yana sake farawa.

A haka ya gano. Tsakanin dannawa da tsalle akwai wani ɗan jinkiri da bai kai ƙiftawar ido ba. Hannu marar igiya yana cin nasa, filasma kuma sai ta tsaya ta yi wa hoto kwalliya kafin ta fito da shi. Mai lafiyayyen hannu yana rufe giɓin bai sani ba. Yatsan Inna kuwa a lokacin da ya saba tun tana amarya yake dannawa, ba shi da rarar da zai ƙara. Maganin abin shi ne a haɗa tsohon hannunta mai igiya da sabon akwatin, sannan a nemo tsohuwar talabijin mai tozo, wadda ba ta san kwalliya ba.

Haɗa hannun bai gagare shi ba. Talabijin mai tozo ce ta zama aiki, don mutane sun daɗe da sayar da nasu ga 'yan gwangwan. Ya shiga bin gidaje bayan ya rufe shago.

"Gimbiyata, yau na sami ɗaya a bayan kasuwa," ya rubuto mata. "Na buɗe bayanta na tarar da kaza a kwance kan ƙwai. Mun gaisa, na ba ta haƙuri, na fito."

Ana cikin haka Malam Maharazu ya ga zuwan yaron ya yi yawa, lokacin bincike ya yi. Mutum ne mai yawan tunani. In Ikilima ta yi tari sau ɗaya, sai ya tambayi duk 'yan rumfarsu maganin tari. Ita ce autarsa, ita kaɗai ta rage a gabansa, ga uwarta ba lafiya. Kada kowa ya ga laifinsa. Wanda bai taɓa ɗaukar 'yarsa ya miƙa wa baƙo ba shi ne yake ganin abin da sauƙi.

Ya kira ƙaninsa, Baffa Ramalan, manomi a Fammar, ya ce ya je Rano ya gano masa halin yaron da sana'arsa, kada ya bari a gane shi.

Baffa Ramalan ya ɗauki aikin da gaske. Ya ja hula har gira, ya zauna a teburin mai shayin da ke kallon shagon, ya sha shayi har cikinsa ya ɗuri ruwa. Da ya dawo bai ko zauna daidai ba ya fara.

"Yaya, sallah dai yana yi a kan lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma yaron nan akwai motsi a kansa. Da idona na ga ya ɗaure hannunsa da tsumma, ba ciwo ba komai, ya zauna yana wasan yara. Abin ya faɗa rami, ya sake, ya faɗa rami, ya sake, yana magana shi kaɗai. Mai kawo gyara sai ya yi sallama biyu kafin ya ji. Da yamma kuma na bi shi a baya, gida-gida yake bi yana tambayar matattun talabijin. Ɗan jari-bola ne, Yaya, shagon nan rufin asiri ne kawai."

Ranar Malam Maharazu bai iya cin tuwon dare ba. Da Salahuddeen ya zo zance washegari, shi ya tarar a zaure maimakon Ikilima. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaro, tambayarka zan yi, ka gaya mini gaskiya. An ce kana ɗaure hannu kana wasan yara a shago. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"An ce kana bin gidaje neman tsofaffin talabijin."

"Shi ma haka ne."

"To, don me?"

Salahuddeen ya dubi tabarma. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, amma kalmar ba tasa ba ce.

"Aikin wani ne, Baba. Amana aka ba ni, ba ni da izinin faɗa."

"Amana," in ji Malam Maharazu. Ya girgiza kai, ya ce, "Ban tsane ka ba, Allah Ya sani. Amma ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ban gane kansa ba. Ka daina zuwa, ka daina kiranta. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Da ya shiga gida ya gaya wa Ikilima abin da Baffanta ya gano. Ya ce ba zai yi mata dole a kan kowa ba, amma wannan dai a'a. Tana jin maganar tsumma ta gane komai. Ta shige ɗaki ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Don Allah me ya sa ba ka faɗa masa ba? Ni yanzu zan je in faɗa. Ba zan rasa ka a kan ɗan akuya ba."

Amsa ta zo: "Kada ki faɗa, hasken idona. In kin faɗa yau, Inna ta ji kunya, Baba ya sa rai, abin kuma bai yi aiki ba tukuna. Kada ki gaya wa Inna dalili ma, za ta ɗora wa kanta. Baba ya ce in daina kiranki, kuma zan bi maganarsa, don ina so wata rana ya zama ubana. Wannan ne saƙona na ƙarshe sai ya yarda. Ki yi mini addu'a. Ina sonki, Malamata, ba saboda aiki ba."

Daga nan shiru. Ta rubuta, ba amsa. Ta sake rubutawa, ba amsa.

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen Murtala, ma'aikaci a sakatariyar Kibiya, wanda dama ya daɗe yana zagaye gidan. Ya fara zuwa da motarsa a wanke, ƙamshin turarensa na riga shi shiga zaure. Ikilima takan fito don girmama Baba, ta zauna tana kallon ƙofa.

"Wai har yanzu mai gem ɗin nan kike tunani?" ya ce mata rannan. "Ai shi ya yi gaba. Ni na gan shi a Fammar, ba sau ɗaya ba, a ƙofar wani gida mai 'yan mata. Har ruwa aka kawo masa a kofin gilashi."

"Allah Ya sanya alheri," ta ce. Amma da ta koma ciki ta yi kuka, ta goge sunan Injiniyana a wayarta ta rubuta Mai Gyara. Can an jima ta mayar.

Wata Asabar da hantsi, Baba yana kasuwa, wani mai a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gida ya ce saƙon Inna ne daga Rano. Ya miƙo leda mai ɗauke da akwatin gem da tsohon hannun, sannan ya sauke wani ƙaton abu lulluɓe da buhu, yana haki.

"Wannan saurayin ya ba ni wahala," in ji shi. "A Fammar ya gano talabijin ɗin nan, wurin wata tsohuwa. Ta ce ta marigayi mijinta ce, ba ta sayarwa. Ya yi ta sintiri, ya gyara mata rediyo, ya gyara wa jikokinta wayoyi kaf, kafin ta yarda. Jiya muka kai ta shago ya duba ta."

"Gidan nan mai 'yan mata?" in ji Ikilima.

"Jikokin ke nan. Babbarsu ma ba ta gama firamare ba."

Ikilima ta rufe fuska da hijabi, ita kaɗai ta san ko dariya take ko kuka.

Suka kinkima talabijin ɗin zuwa ɗakin Inna. Ikilima ta jona akwatin, ta miƙa wa uwarta tsohon hannun nan mai igiya, wanda babban yatsanta ya riga ya yi wa gurbi.

"Na ce a bar abin nan, Auta."

"Sau ɗaya, Inna. Don wahalar da aka sha."

Talabijin ta yi ƙara, ta yi tsaki, haske ya buɗe a hankali. Kiɗa ya tashi. Ɗan akuya ya taho, rami ya taho, Inna ta danna.

Ya tsallake.

Ta dubi yatsanta kamar ba nata ba. Rami na biyu ya zo, ya tsallake. A na gaba ya faɗa, amma Inna ta riga ta gyara zama.

"Wannan laifina ne, na yi gaggawa. Sake mini."

A nan Ikilima ta kasa riƙewa, ta faɗa jikin uwarta ta gaya mata komai: tsumman, binciken Baffa, da abin da aka yi a zaure. Inna ta saki salati.

"Yaron nan ya bari aka kore shi don kada a ji sirrina?"

Kafin su ƙarasa, hadari ya haɗo ta gabas. Malam Maharazu ya rufe buhunansa ya taho gida da wuri. Yana shiga zaure ya ji kiɗan. Ya tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa. Rabonsa da wannan kiɗa tun gemunsa baƙi ƙirin. Ya bi shi har ƙofar ɗaki, ya ɗaga labule.

Bai dubi talabijin ba. Hannun matarsa ya duba, babban yatsa yana hawa yana sauka, sauran suna riƙe da abin gam.

"Dije," ya ce a hankali. "Hannunki."

"Shigo ka saki labule, Malam, kada maƙwabta su ji."

Ya shigo ya zauna a bakin gado, ya share ido da bakin riga. Can ya dubi allon.

"Ashe karen nan yana nan."

"Ɗan akuya ne."

"Dije, akuya da wutsiya haka?"

"Malam, bar wannan. Ka san wanda ya yi aikin nan? Yaron da ka kora. Hannun da ya ɗaure, nawa yake kwaikwaya, tun da ba shi da halin ganina. Ni na ce a rufa mini asiri, ya rufa, har ya rasa abin da yake so. Ni na jawo, kai kuma ka yanke. Sai ka san yadda za ka gyara."

Malam Maharazu ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ta rame bai lura ba. Ya miƙe zai fita a cikin ruwan, sai da suka riƙe shi.

Gari na wayewa ya aika aka kira Baffa Ramalan, suka shiga motar Rano. Salahuddeen yana share ƙofar shago ya gan su, tsintsiya ta faɗi, ya zube ƙasa yana gaisuwa. Mai shayi ya ɗago hannu daga can.

"A'a, Alhaji mai hula! Yau ma kauri za a haɗa?"

Baffa ya yi kamar bai ji ba.

"Tashi, ɗana," in ji Malam Maharazu. "Ni ne na zo ba ka haƙuri. Na ga hannun."

"Ya tsallake, Baba?"

"Ya tsallake. Da ƙyar aka raba ta da gem ɗin ta ci abinci." Ya zauna a benci, ya dubi shagon sama da ƙasa. Hali dai ba ya barin mai shi. "Amma tsaya in tambaye ka. Wannan gem ɗin shi zai ciyar da iyali?"

"A'a, Baba. Gyaran waya ne ke ciyarwa, kuma ina da gona a Rurum. Gem so ne kawai."

"Gidan da za ka ajiye ta akwai rijiya?"

"Akwai."

"Da murfi?"

"Da murfi, Baba."

"Babur ɗin nan, ba ka gudu?"

"Yaya," in ji Baffa Ramalan, "ka bar yaro ya numfasa. Ni dai abin da na gani na faɗa. Wa zai ga mutum ya ɗaure hannu lafiya lau ya ce ƙalau yake?"

Malam Maharazu ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba.

"Ka turo magabatanka. Hanin wayar kuma na ɗage, ka kira ta, don tun asuba take zagaye tsakar gida."

Motarsu ba ta bar tasha ba saƙo ya isa Kibiya.

"Assalamu alaikum, Malamata. Yaron nan na Rano ne. An ce in turo."

"Wa alaikumus salam. Ban gane mai magana ba. Ko na Fammar ne, mai shan ruwa a kofin gilashi?"

"Shi ne. Ruwan ma bai yi daɗi ba, babu ke."

"Allah Ya shirye ka, Injiniyana. Ka turo da wuri."

Murtala da ya ji an sa rana, ya zo ya yi wa Malam Maharazu murna, ya koma da turarensa wata unguwar.

Bayan kaka, da aka gama shigar da amfanin gona, aka ɗaura auren Salahuddeen da Ikilima a ƙofar gidan Malam Maharazu. Mutanen Rurum suka cika motoci, 'yan kasuwar hatsi suka rufe rumfuna, Baffa Ramalan ne waliyyin amarya, kuma ya fi kowa ɗaga murya wurin amin.

Da yamma, da za a tafi da amarya, aka kawo ta gaban iyayenta tana kuka. Malam Maharazu ya tanadi nasiha mai tsawo, amma da ya dubi 'yarsa sai duk ta ɓace masa. Abin da ya samu ya ce kawai, "Ki yi haƙuri, ki ji tsoron Allah. In kun isa a kira ni."

Inna Hadiza ta miƙe. Wata ƙanwarta ta matso za ta kama amarya, ta ce mata, "Bari." Ta sa hannunta na dama ta kama na 'yarta, ta riƙe shi da ƙarfi, ta ja ta har bakin zaure ta damƙa ta ga iyayen ango. Mata suka rangaɗa guɗa.

Motar ta ɗauki hanyar Rurum. Malam Maharazu ya tsaya a ƙofa har ta sha kwana, yana ta faɗa wa direban da ba ya jinsa ya bi a hankali.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ya sa su ga auren nasu 'ya'yan, Ya kuma sanyaya zuciyar duk uban da ke tsaye a ƙofar gida yana kallon hanya. Amin.